Martani: Gona Ce Ke Zaɓen Irinta

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanan baya a kan matsalar iri a Jihar Kebbi, na kuma sake bin sa layi-layi don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Matsayarsa ita ce lokaci ya yi da gwamnati za ta tsayar da ingantaccen iri guda ɗaya na kowane amfanin gona, shinkafa ɗaya, gero ɗaya, dawa ɗaya, albasa ɗaya, ta raba wa manoman jihar baki ɗaya, sannan ta janye tallafi daga duk wanda ya nace wa irin da ya gada. A ganinsa, taurin kai da ƙarancin ilimi ne suke sa manomin Jega ko Aliero ko Maiyama ya karɓi sabon iri bana, baɗi a tarar ya koma wa na da.

Malam, na yarda kishin talaka ne ya sa ka ɗauki alƙalami, kuma akwai wuraren da ka yi gaskiya. Yawancin manomanmu ba sa samun abin da gonarsu za ta iya bayarwa. Akwai tsofaffin irin da suka gaji, suka gauraye, wasu kuma suna jan lokaci fiye da yadda daminar yanzu take jira. Babu mai musun cewa shinkafar FARO 44, wadda manoma suke kira Sipi, ta sauya rayuwar gidaje da yawa a fadamunmu, musamman tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya a nan Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015. Geron SOSAT ma, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoman ƙasar nan a shekarar 2000, ya cika rumbuna da dama a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri. Duk wannan na amince da shi. Inda muka raba hanya shi ne kalmar nan ta guda ɗaya, da kuma hukuncin da ka yanke wa manomi.

Bari in fara da abin da idona ya gani, tunda gani ya kori ji. Kawuna yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Maiyama, yana da gonaki biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba. Ɗaya jigawa ce a kan tudu, rairayi zalla, ruwan dare ba ya kai azahar a cikinta. Ɗayar tana gangare kusa da wani tafki, laka ce mai riƙe danshi har kaka ta yi nisa. Wata shekara aka raba musu wata gajeruwar dawa mai saurin nuna. Kawu bai yi gardama ba. Ya raba kowace gona biyu, ya shuka sabuwar a gefe, kaurar gidanmu a gefe, rana ɗaya, taki ɗaya, hannu ɗaya ya nome su.

A shekarar ruwa ya yi yawa a marka, sannan ya ɗauke da wuri. A gonar tudu, sabuwar dawar ta riga ta cika ido kafin ƙasa ta bushe, kaura kuwa fari ya same ta tana tsakiyar fitar da kai, zangarniyarta ta fito shafal. A gonar gangare labarin ya juye. Ruwan marka ya kwanta a gindin gajeruwar dawar, ganyenta ya yi ja, ta tsugune. Ɗan abin da ta yi kuma, da yake ita kaɗai ta nuna a duk kewayen, tsuntsayen da ke kwana a itatuwan bakin tafki suka yi mata rubdugu. Kaura ta miƙe abinta, ta sha danshin laka a natse, ta nuna tare da dawar maƙwabta. Ina tsaye muna ɗaure dami ya murje zangarniya biyu a tafin hannunsa, ya nuna mini, ya ce, "Ɗana, irin ba shi da laifi. Can ƙasa ta karɓe shi, nan ba ta karɓe shi ba." Da damina ta zagayo, sabuwar ya shuka a tudu, kaura a gangare.

To Malam, a ce jami'in da ya raba irin nan ya dawo ya tarar da Kawu a gonar gangare, me zai rubuta a takardarsa? Zai rubuta cewa ga wani tsoho da ya yi watsi da ingantaccen iri ya koma wa na gargajiya. Irin wannan rahoton ne yake taruwa a ofis har ya zama hujjar rubutu irin naka. Alhali abin da tsohon nan ya yi shi ne ainihin abin da masana suke yi a gonakin gwaji, sai dai shi ba ya rubutawa.

Masana kimiyyar iri sun daɗe da sanin cewa abin da gona take bayarwa yana fitowa ne daga abubuwa uku: halin da iri ya gada a jininsa, yanayin wurin da aka shuka shi, da kuma yadda su biyun suka jitu ko suka saɓa. Wannan na ukun shi ne ya ɓace a rubutunka. Tun a 1963 Finlay da Wilkinson suka nuna shi a kan sha'ir a Ostireliya, a 1966 Eberhart da Russell suka ƙara faɗaɗa lissafinsa a kan masara a Amurka, kuma har gobe duk ɗalibin da ya karanci kiwon iri sai ya bi ta kansa. Ma'anarsa a taƙaice, irin da ya zo na ɗaya a wannan gari yana iya zuwa na ƙarshe a garin gaba, ba tare da kowa ya yi kuskure ba.

Ga misali na lissafi da na ƙaddara don a gane. A ce an gwada iri biyu a garuruwan nan uku. Na farko ya ba da buhu 30 a Jega, 10 a Aliero, 11 a Maiyama. Na biyu ya ba da 15 a Jega, 17 a Aliero, 16 a Maiyama. In aka tara aka raba uku, na farko yana da 17, na biyu 16. Mai zaune a ofis zai ce na farko ya ci, a raba wa kowa. Amma a garuruwa biyu cikin uku, wanda ya karɓe shi ya yi asarar buhu biyar zuwa bakwai. Manomi ba ya cin matsakaicin lissafi, abin da gonarsa ta ba shi yake kaiwa rumbu.

Kana iya cewa ai garuruwan nan maƙwabtan juna ne, titi ɗaya ya ratsa su, daga Aliero ka bi ta Jega ka isa Maiyama ba ka cika awa guda a mota ba, wane bambanci ne zai shiga tsakani? Wanda ya sauka daga titin ya taka gona ya san amsar. Arzikin noman Jega yana jingine da fadamar Gulbin Zamfara, inda laka take da nauyi, ruwa yake kusa, ake noma rani da damina, kuma ambaliya take kawo ziyara ba sallama. Aliero ta yi suna da albasa har ana lodinta zuwa kudancin ƙasar nan da ƙetare, kuma gonakin tudunta marasa nauyi ne, gero da wake suke so. Maiyama tana kudu da su, a cikin ƙasarta akwai jigawa, akwai jangargari, akwai kwari. Kai, a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ma, a gonakin mutum ɗaya kamar na Kawu, ana samun duniya biyu.

Ɗauki shinkafa, tunda ita ka fi kafa hujja da ita. Sipi gajeruwa ce, tana nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, tana amsa taki, masu injinan casa suna son ƙwayarta. A noman rani, inda manomi yake riƙe da linzamin ruwa da injinsa, da wuya a kushe ta. Amma a kwarin da gulbi yake haurowa, gajartarta ita ce ajalinta. Mutanen Jega ba su manta ambaliyar 2020 ba, lokacin da shinkafa ta kwana ta wuni a ƙarƙashin ruwa har ta ruɓe. Saboda irin waɗannan wurare ne cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi suka fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017, waɗanda za su iya nutsewa har kusan sati biyu su farfaɗo. Kuma abin da zan so ka lura da shi, Malam, wannan juriyar an samo ta ne daga wata tsohuwar shinkafar manoman Odisha a Indiya, wadda masana suke kira FR13A, mai ƙarancin amfani, irin wadda rubutunka zai ce a zubar. Da an bi shawara irin taka a can, da yau babu abin da za a ba manomin bakin gulbi a nan.

Su ma FARO 66 da FARO 67 suna da iyaka. Ambaliyar da ta zo ta wuce suke jurewa. Inda ruwa yake zuwa ya zauna wata da watanni, zurfinsa ya shanye mutum, sai tsohuwar jar shinkafar fadama, wadda take tsawo tana bin ruwa yana hawa tana hawa. Asalinta shinkafar Afirka ce da kakanni suka fara nomawa a kwarin Kogin Neja, a ƙasar Mali ta yau, shekaru kusan 3000 da suka wuce, kuma daga jininta ne Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, ya haɗa shinkafar NERICA har ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Ga fadama ɗaya, ga buƙatar iri uku. Ko a noman rani ma lokaci yana canza hukunci. Wanda ya zuba iri a tsakiyar hunturu zai ga sanyi ya daƙile renonsa, wanda kuma ya makara har shinkafarsa ta yi fure a zafin Afrilu, in zafin ya haura digiri 35, zai casa ya tarar da ƙaiƙayi ya fi ƙwaya. Kowannensu da irin da ya fi masa.

Dawar gargajiya da ka kira ta baya, akwai hikima a jikinta da ta ba masana mamaki. A 1968 wani masani mai suna D. L. Curtis ya wallafa binciken da ya yi a kan dawar Najeriya, inda ya nuna cewa dawar kowane yanki tana fitar da kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa. Tsawon yini take aunawa. Ko ka shuka ta da ruwan farko ko ka makara da sati uku, kusan lokaci ɗaya za ta yi ciki, don ƙwayarta ta bushe a rana, kada ruwa ya dake ta ta yi baƙi. Ɗaruruwan shekaru manoma suka yi suna ware zangarniyar da ta fi kyau suna rataye ta a rumbu kafin a kai ga haka. Wannan agogon na garinsu ne kawai. Kai ta kudu ko arewa da nisa, sai ta rikice. Shi ya sa cibiyar bincike ta Samaru a Zariya, wadda take aiki tun 1922, ba ta taɓa fitar da dawa ɗaya ta ce ta ishi Arewa ba. Jerin SAMSORG take fitarwa, wannan na sahel, wannan na yankin da ruwa ya fi yawa, kowanne da inda aka ce a kai shi.

Albasa kuwa, a nan ne na fi jin nauyin maganarka, domin mutumin Aliero ba a koya masa albasa. Ita ma tsawon yini da sanyi take bi kafin ta yi kai. Mu muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, yininmu ba ya kai awa 13 ko a lokacin da ya fi tsawo. Albasar da aka ƙirƙira don arewacin Turai tana neman yinin awa 14 zuwa 16, in ka dasa ta a fangalin Aliero ganye za ta yi ta yi har ka gaji. Wannan a fili yake. Wanda ya fi ɓuya shi ne na ajiya. Akwai albasar da take cika buhu ranar cira, manya-manya gwanin sha'awa, amma ruwa ne a cikinta, wuyanta kauri, ba ta wata biyu a rudu sai wari. Manomin Aliero ya san ribar albasa tana ga wanda ya iya riƙe ta har ta yi tsada, ta kuma jure kwanaki a bayan babbar mota. Don haka yake ware kawunan da suka fi tauri da ja ya mayar ƙasa su yi masa iri, don haka kuma 'yar Galmi ta Nijar ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. In gwajinka ya tsaya a awon ranar girbi, ka auna rabin magana ne.

Sai babban haɗarin da ban ga ka ambata ba ko sau ɗaya. Idan jiha guda ta shuka iri ɗaya, cutar da ta gano lagonsa ta gano lagon kowa. A Ayalan, dogaro da dankali kusan nau'i ɗaya ya sa cutar da ta ɓulla a 1845 ta jawo yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. A Amurka, a 1970, wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar, saboda yawancin irin da aka shuka tushensu ɗaya ne. Mu ma nan gida dattawa suna tuna kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta lalata kusan hekta dubu 700 a Arewa, ta taimaka wajen kwantar da dalar gyaɗa. Juriyar da aka yi amfani da ita wajen haɗa sababbin irin gyaɗa daga baya, daga tsofaffin gyaɗar manoman Burkina Faso aka fara samo ta. Manomin da ya shuka gero mai sauri a nan, maiwa a can, dawa iri biyu, wake a tsakani, inshorar da yake da ita ke nan, tunda da wuya ya sami kamfanin da zai biya shi in shekara ta ɓaci. Janye masa tallafi don ya ƙi sakin wannan igiyar zalunci ne, ko da niyyar mai yin ta alheri ce.

Na san abin da ya ja hankalinka zuwa iri ɗaya. Ya fi sauƙin saye, ya fi sauƙin rabo, masu injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi suna son ƙwaya mai kama ɗaya, kuma yana rage kafar da 'yan damfara suke bi su zuba tsaba a buhu mai tambari su ce iri ne. Waɗannan matsaloli ne na gaske. Amma maganin jabun iri yana hannun hukumar kula da iri ta ƙasa da dokarta ta 2019, a sa ido a kasuwa, a hukunta mai ha'inci. Buƙatar masu casa kuwa ana iya biyanta da iri uku ko huɗu masu ƙwaya kusan ɗaya, kowanne da inda ya dace. Bai kamata sauƙin aikin ofis ya zama abin da za a yanka gona a kansa ba.

Abin da nake ganin ya fi, kayan aikinsa suna nan a hannunmu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar noma, tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega. Hukumar raya noma ta jiha, KARDA, tana da malaman gona. Kafin a sayi tan ɗaya na kowane iri da kuɗin jama'a, a gwada shi a fadamar Jega, a tudun Aliero, a jigawa da kwarin Maiyama, aƙalla shekara biyu ko uku, domin damina ɗaya ba ta shaidar iri. A sa irin gida a gefensa a matsayin ma'auni. A yi gwajin a gonakin manoma, da irin takin da suke iya saye, kada a tsaya a gonar jami'a inda komai yake wadace. In an girbe, a kira matan gida su tuƙa tuwo su dama fura su faɗi ra'ayinsu, a kira dillalai, a ajiye albasar a rudu a dawo bayan wata uku a ƙirga wadda ta rage. A duba wanda ya jure ƙuduji, da wanda karansa ya isa danni da abincin dabbobi, don wannan ma yana cikin lissafin manomi.

Daga nan sai a fitar da shawara ta gari-gari: wannan na kwari, wannan na tudu, wannan kuma ba ya zaɓen wuri sosai, ba ya kai ƙololuwa amma ba ya ba da kunya. A rubuta a jikin buhu da Hausa, boko da ajami, kwana nawa yake yi da irin ƙasar da yake so. A riƙa sayar da shi a ƙananan ƙulli, mudu ɗaya ko rabi, yadda mutum zai gwada a kunya goma kafin ya ba shi gona. Sannan jami'ar ta bi ƙauyuka ta tattara tsofaffin irin gero da dawa da shinkafa da albasa ta adana, da sunan da masu su suke kiran su, kafin su ɓace tare da tsofaffin da suke riƙe da su. Ba mu san wace cuta ko wane fari ke tafe ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Malam, ni da kai buri ɗaya muke da shi, mu ga rumbun talakan Kebbi ya kai shi wata kakar. Roƙona gare ka shi ne ka sassauta wa manomi. In ka ga ya ajiye irin da aka ba shi, kafin ka kira shi mai taurin kai ka tambaye shi a wace gona ya shuka, me ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma in Allah ya kai mu kaka, ina gayyatarka ƙasar Maiyama. Kawu yana nan da ransa, har yanzu gajeruwar dawar tana tudu, kaura tana gangare. Za mu fara da tudun da safe, mu gangara kafin rana ta take, ka murza zangarniyar kowacce a tafin hannunka, sannan ka faɗa mana wadda za a hana shi shukawa.